Tulun Taba Mai Tambarin "England": Jabu Ne Ko Tsohon Kaya?

Sabon Shiga: 'Yan'uwa, raina a ɓace yake. Na sayi tulun taba na tangaran mai shuɗin zane a hannun wani dillali a Landan, wanda ya tabbatar mini cewa aikin Staffordshire ne (wani yankin Ingila da ya shahara da tangaran) na wajen 1820, amma da na kifa shi sai na ga an buga "England" a gindinsa. Wannan tambari kuwa bai yaɗu ba sai daga 1891, bayan dokar harajin McKinley ta Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da aka yi kaya. Jabu aka sayar mini, kuma ina neman shawarar yadda zan karɓo kuɗina.

Dattijon Gwanjo: Malam, ka janye kalmar jabu. Jabu shi ne abin da aka ƙera don a cuci mai saye. Tulun da aka sassaƙa zanensa a farantin jan ƙarfe, aka shafa launi, aka kwashe shi da siririyar takarda, aka manna a jikinsa kafin a gasa, aikin ƙwararru ne ko da an yi maka ƙarin shekaru.

Mai Tara Asusu: Alhaji, ai tun asali kwaikwayo ne. Shuɗin bugun da Spode, wani mai yin tangaran a Staffordshire, ya goge a kansa wajen 1784, tangaran ɗin ƙasar Sin yake bi sau da ƙafa.

Dattijon Gwanjo: Hajiya, in kwaikwayo jabu ne, to kayan asusun garin Sunderland na Ingila masu hoton gadar kogin Wear ta 1796 da kike alfahari da su ma bugun takarda ne.

Mai Tara Asusu: Kada ka haɗa su. Asusu sai an fasa shi ake ciro kuɗi, saboda haka wanda ya tsira lafiya ya fi ƙarfin tulun da ya gama rayuwarsa a kan kanta yana warin taba.

Dattijon Gwanjo: Ki nemo mini tulu mai murfin cikin nan da ke danne taba don kada ta bushe, sannan mu yi maganar wuyar samu.

Shugaban Zaure: Abin da na fahimta shi ne an yarda tulun Staffordshire ba ya zama jabu, kuma Hajiya ba ta kawo hujja ba. Batun asusu sai wani zaman.