Windows Server 2003 ba ta ganin faifai a kan saba mai katin RAID: ina mafita?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman taimakonku a kan wata saba (babbar kwamfuta mai yi wa wasu kwamfutoci hidima) da aka ba ni aikin girka mata Windows Server 2003, saboda akwai wata tsohuwar manhajar lissafi da ba ta aiki a kan wani tsari da ya fi wannan sabunta. Sabar tana da faifai huɗu a bayan katin RAID (katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya), na shiga saitin katin na haɗa su wuri ɗaya, kuma katin yana nuna cewa komai lafiya. Amma da zarar CD ɗin girkawa ya gama loda fayilolinsa na farko, sai ya sanar da ni cewa bai sami faifai ko ɗaya a cikin na'urar ba. Na sauko da direban katin (ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi) na sa a filasha, sai dai babu inda aka ba ni damar nuna masa filashar. Sabar kuma ba ta da ramin fulofi (tsohon ƙaramin faifan da ake sakawa a cire). Yaya ake bi da wannan?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Malam, faifanka lafiyarsu ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne, manhajar girkawa ba ta magana da faifan kai tsaye, sai ta hanyar katin, kuma katinka ya zo duniya bayan an buga CD ɗin, don haka babu direbansa a ciki.

Ƙofar da aka bari ɗaya ce. A farkon girkawa, lokacin da allon yake shuɗi, wani rubutu yana fitowa a can ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi yana cewa a danna F6 idan akwai direban SCSI ko RAID. Idan ka danna ba za ka ga alamar komai ba, wannan ne ke ruɗa mutane da yawa, amma bayan ɗan lokaci zai tsaya ya ce ka danna S ka sa faifan direba. Matsalar ita ce Windows Server 2003 ba ta duba ko'ina sai fulofi na A:, filasha kuwa ko kallonta ba za ta yi ba. Sai daga Windows Server 2008 aka fara karɓar direba daga filasha ko CD.

Ka tabbata fayil ɗin txtsetup.oem yana kan fulofin kai tsaye tare da fayilolin .sys da .inf da .cat, ba a cikin wata folda ba, domin shi ne ake fara nema. Kuma ka sani cewa ana karanta fulofin sau biyu, na farko wajen loda direban, na biyu wajen kwafe shi zuwa faifai bayan an yi fomat. A nan ne fulofin USB ke yawan ba da kunya: a karon farko BIOS (manhajar cikin na'urar da ke fara tayar da ita) ce ke riƙe da shi, a karo na biyu kuwa manhajar girkawa ce, ita kuma samfura kaɗan ta sani, sai ka ga tana ta neman faifan alhali yana ciki. Idan sabarka tana da katin sarrafawa daga nesa, irin iLO na HP ko iDRAC na Dell, gwada fulofin kwaikwayo da ke cikinsa (fayil da sabar ke gani kamar fulofi na gaske) kafin ka shiga neman na'urar fulofi.

Mai Gyaran Saba:

Bayanin da babban yaya ya yi daidai ne, amma ni na fi son a huta da fulofi gaba ɗaya. Ka kwafe abin da ke cikin CD ɗin zuwa wata kwamfuta, ka yi amfani da manhajar nLite ka cusa direban a ciki, sannan ka fitar da sabon ISO, wato fayil ɗin da ake buga sabon CD da shi. Wajen zaɓi, ka ɗauki direban a matsayin na matakin rubutu, wato wanda ake lodawa tun a shuɗin allon farko, kuma ka zaɓi samfurin katinka kaɗai, kada ka kwashe duk jerin. Ka lura da bit 32 da bit 64, domin direban ɗaya ba ya shiga ɗaya. Yana da kyau CD ɗin ya kasance mai ɗauke da Service Pack 2 na 2007. Idan girkawa ta wuce amma sabar ta tashi da lambar kuskure 0x0000007B, to direban ne bai zauna ba, ko kuma ba na katin ba ne.

Abu biyu kuma da za su iya tare ka ko da direban ya shiga. Windows Server 2003 ba ta tashi ta UEFI (sabuwar hanyar da ta maye gurbin BIOS) a kan irin waɗannan sabobi, sai ka mayar da saitin zuwa tsohuwar hanyar BIOS. Sannan faifan da zai tashi daga kansa dole ya zama MBR (tsohon tsarin raba faifai), wanda iyakarsa terabait 2, saboda haka ka yanka ƙaramin faifai a saitin katin domin Windows ɗin, ragowar ka mai da shi GPT (sabon tsarin raba faifai) domin ajiya, wanda ake iya karantawa tun daga Service Pack 1.

Hajiyar Sadarwa:

Ni ina da ja a kan hanyar baki ɗaya. Malam bai gaya mana shekarun sabar ba, kuma idan ta kwanan nan ce, zai yiwu direban da ya sauko da shi na Windows Server 2008 ne ko sama, wanda babu dabarar F6 ko nLite da za ta sa ya yi aiki. Ko an ci nasara a kan katin RAID, sauran katin sadarwa da na USB suna nan suna jira da irin wannan rigimar.

Shawarata ita ce a girka VMware ESXi ko Proxmox ko Hyper-V (manhajojin da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta) a kan sabar kai tsaye, su ji da katin, sannan a ɗora tsohon tsarin a matsayin kwamfutar kwaikwayo. A ESXi ka ba ta katin faifai na kwaikwayo mai suna LSI Logic Parallel, wanda direbansa yana cikin CD ɗin tun asali, a Hyper-V kuma ka zaɓi kwamfutar kwaikwayo ta ƙarni na farko mai tashi daga IDE (tsohuwar hanyar haɗa faifai). Microsoft ta daina fitar wa Windows Server 2003 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Yuli, 2015, don haka ko ta wace hanya ka girka ta, ka killace ta daga intanet, ka bar mata tashoshin da manhajar lissafin ke buƙata kawai.

Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na sake buɗe kunshin direban, babu txtsetup.oem a ciki, kuma takardar da ke tare da shi ta fara jero tsare-tsaren da yake aiki da su ne daga Windows Server 2008 R2, don haka na karkata ga shawararki. Abin da ya rage mini shi ne, manhajar tana da ɗan makullin lasisi da ake soka wa a USB, in babu shi ba ta buɗewa. Zai yi aiki a cikin kwamfutar kwaikwayo?

Hajiyar Sadarwa:

ESXi da Proxmox duka suna iya miƙa na'urar USB kai tsaye ga kwamfutar kwaikwayo, Hyper-V kuwa ba ta da wannan sauƙin, sai an bi ta na'urar da ke raba USB a kan hanyar sadarwa. Ka soka makullin a jikin sabar, ka miƙa shi ta mai sarrafa USB 2.0, domin tsohon tsarin bai san 3.0 ba, sannan ka girka direban makullin a ciki kafin ka buɗe manhajar.