Yaro mai ƙwaƙwalwar kai hari ko tsohon hannu?

Bashir: Jama'a, ni fa na gama yanke hukunci. Duk ƙungiyar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, da ke neman babban koci, ta ɗauko matashin da ya ƙware a kai hari kawai ta huta. Ku dubi Rams ta Los Angeles. A kakar 2016 wasa 4 suka ci, aka doke su sau 12, su ne kurar baya a yawan maki. Janairun 2017 suka ɗauko Sean McVay yana da shekara 30, mutane na ta dariya wai an ba yaro ragama. Kakarsa ta farko suka ci wasa 11, maki ya tashi daga 224 zuwa 478, suka zama na ɗaya. Kuma da mai jefa ƙwallonsu Jared Goff ɗin nan dai, wanda ya fara wasa 7 a 2016 bai ci ko ɗaya ba.

Kawu Ɗanlami: Bashiru, ka cika zumuɗi. Wa ya riƙe masa tsaron gida a lokacin? Wade Phillips, dattijo mai shekara 69. Shi kansa yaron ya san ba zai iya shi kaɗai ba. Sannan ka tsallake Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, na Fabrairun 2019. Na hana idona barci tun ƙarfe 12 da rabi na dare, shayina ya huce a kofi ina jiran wutar da aka ce za a yi, har kusan asuba maki 3 kacal gwanin naka ya samu. Bill Belichick, kocin New England mai shekara 66, ya ci su 13 da 3.

Bashir: Wasa ɗaya ne fa, Kawu.

Kawu Ɗanlami: Wasa ɗayan da ya tona asiri. Akwai rediyo a hular mai jefa ƙwallo, koci na yi masa magana, amma ana katse layin idan saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin fara kowane hari. McVay kan sa yaransa su yi sahu da wuri, ya leƙa yadda abokan karawa suka tsaya, ya raɗa wa Goff abin yi. Sai 'yan New England suka riƙa nuna masa tsari ɗaya, layi na katsewa su sauya. Goff ya tsaya yana zare ido kamar an kai baƙauye tashar jirgi.

Hadiza: Kawu, a yi haƙuri in sa baki. Ni ba shekarun ne suka dame ni ba, ɓangaren ne. In babban kocinka mutumin tsaro ne, dole ya ɗauko mataimakin da zai tsara kai hari. Ranar da mataimakin ya yi fice, wata ƙungiya ta ɗauke shi, mai jefa ƙwallonka ya koma koyon sabon tsari daga farko. Haka aka yi wa Atlanta. A 2016 Kyle Shanahan na tsara musu hari a ƙarƙashin babban koci Dan Quinn, mutumin tsaro, suka ci maki 540, mai jefa ƙwallonsu Matt Ryan ya zama gwarzon shekara. San Francisco ta ɗauke Shanahan, kaka mai zuwa maki ya faɗo 353. In shi kocin ne mai tsarin, ba wanda zai sace maka shi.

Bashir: Allah ya biya ki, Yaya Hadiza. Kuma McVay ya dawo ya ɗauki kofin a Fabrairun 2022, 23 da 20 a kan Cincinnati, yana da shekara 36. Wa ke horar da Cincinnati ɗin? Zac Taylor, tsohon yaronsa.

Malam Nura: Tsaya, Bashir. Kafin ya ci kofin sai da ya sallama Goff ya karɓo wani mai jefa ƙwallon, Matthew Stafford. Wanda ya rufe wasan kuwa Aaron Donald ne, ɗan tsaro, da ya cafko Joe Burrow, mai jefa ƙwallon Cincinnati, a ƙwallon ƙarshe. Shi Taylor ɗin, wasa 6 ya ci a shekara biyunsa na farko, sai da Burrow ya warke daga raunin gwiwa aka fara kiransa gwani. Ka kuma lissafa waɗanda aka ɗauko saboda yayi. Amurkawa har ba'a suke yi, wai duk wanda ya taɓa shan kofi da McVay ya samu aiki. Arizona ta ɗauki Kliff Kingsbury a 2019 bayan jami'ar Texas Tech ta kore shi, aka sake korarsa bayan kakar 2022. Nathaniel Hackett ko kaka ɗaya bai ƙarasa ba a Denver, wasa 15 aka ce ya tattara komatsansa.

Hadiza: Hackett ya wuce 40, Malam, ba yaro ba ne.

Malam Nura: To kin ga ma abin da nake faɗa, takardar "gwanin hari" aka saya, ba a duba ko zai iya riƙe mutum 53 da mataimaka ba. Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma, yawancin baƙaƙen fatar da ke horarwa a ɓangaren tsaro suke. In aka ce sai ɗan hari, an rufe musu ƙofa ba tare da an furta ba, duk da dokar Rooney ta 2003 da ta wajabta a gana da su kafin a ɗauki koci.

Kawu Ɗanlami: Ga Mike Tomlin nan. Pittsburgh ta ɗauke shi a 2007 yana da shekara 34, ɗan tsaro ne, ya ci kofi a kakarsa ta biyu. Ni ban ƙi yaro ba, Bashiru.

Bashir: Ashe Kawu ya sauko rabin hanya.

Kawu Ɗanlami: Ban sauko ko'ina ba. Ka fara biyana barcina na 2019 tukuna.