Ɗana yana aji biyar bai iya karatu ba, me makarantunku ke yi wa irinsa?

Maman Sadiƙu, Aboabo

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma na fi son ticocin da ke cikinmu su amsa min.

Ɗana yana aji biyar na firamare a wata makarantar Islamiyya ta gwamnati, irin mai haɗa boko da Arabiyya. Littattafansa cike suke da rubutu, hannunsa ma ya fi nawa kyau, kuma duk ƙarshen shekara sai a ce ya wuce aji na gaba. Kwanan nan aka kawo takardar kuɗin wuta, na miƙa masa na ce ya karanta min. Ya karanta lambobin sarai, da ya iso kan kalmomi sai ya tsaya yana duban fuskata. Na ɗauko littafin ƙanwarsa 'yar aji biyu, nan ma hoto yake kallo yana cankar abin da aka rubuta. Ranar ban yi barci ba.

Abin da ya ɗaure min kai, a wurin malam karatunsa na Alƙur'ani yana tafiya, har yabonsa ake yi. Ke nan ba ƙwaƙwalwa ba ce ta gaza.

Ni yadi nake sayarwa a kasuwar Kejetia nan Kumasi, sai magariba nake shigowa gida. Babansa direba ne a hanyar Tamale. Na je wurin ticarsu, ta ce yara sun yi mata yawa, in sa shi lesin na yamma. To yamma kuma lokacin allo ne. Saura shekara huɗu da 'yan watanni ya zauna BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Akwai abin da makaranta ita kanta ke yi wa irin waɗannan yara, ko duk sai da kuɗin lesin?

Tica Awudu, Asawase

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya Sadiƙu. Ki kwantar da hankali, amma kada ki bar maganar ta yi sanyi.

Aji huɗu nake riƙe da shi, kuma irin ɗanki ba su da wuyar samu. Gwajin karatu da aka yi a faɗin Ghana a 2013, aka sake a 2015, ya nuna cikin yara ɗari 'yan aji biyu, kamar biyu ne kawai ke karatu ba gargada suna kuma gane abin da suka karanta. Sauran haka ake ta tura su gaba. Tica yana bin manhajar ajinsa, shi kuwa yaron da sautin haruffa ya wuce shi tun aji ɗaya sai ya ƙware a kwafe allo, don shi kaɗai ne aikin da ba zai tona masa asiri ba. Kin ji dalilin kyan rubutun.

Ga abin da muke yi. Da an dawo hutu, kowane yaro daga aji huɗu zuwa shida ana kiransa baranda shi kaɗai. Takarda ɗaya ce: haruffa, sai kalmomi, sai 'yan jimloli, sai gajeren labari. Minti biyar ya isa. Inda ya cije, nan ne matakinsa. Daga nan kullum da safe mukan ajiye maganar aji na awa ɗaya. Masu haruffa su taru ɗaki guda ko da ɗan aji shida ne, masu kalmomi ɗaki guda, masu labari ɗaki guda.

Ni na ɗauki masu haruffa, don kowa gudunsu yake. Kwalin sabulu nake yankawa in rubuta harafi ɗaya a kowane yanki. Yara su zauna huɗu-huɗu a ƙasa, in faɗi kalma, su haɗa ta da hannunsu suna furta sautin. Ba kwafe komai a wannan awar, kuma ba wanda zai fita bai buɗe baki ba. Lissafi da murafun kwalba muke yi. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya haye ya koma ɗakin gaba. Rukunan kuma sunan launi muke ba su, don ranar da aka kira wani ɗaki na daƙiƙai, manyan samarin ba za su sake takawa ciki ba.

Ba mu muka ƙirƙiro ba. Ƙungiyar Pratham ce ta yaɗa tsarin a Indiya. Nan Ghana an gwada irinsa daga 2010 zuwa 2013 da matasa mataimakan tica, aka ga ci gaba, sai dai bai kai yadda aka so ba saboda sau da yawa darasin ba ya gudana. Har yau nan gizo ke saƙa. Atisayen maci na 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, ya zo, a cinye awar. Wasanni su zo, a cinye. Tica ɗaya ya tafi jana'iza, a haɗe ɗakuna biyu. In hedimasta bai zagaya da kansa yana leƙawa ba, wata biyu sai ki ji shiru.

Baba Alhaji, Sawaba

Malam Awudu ka yi bayani, Allah ya saka. Amma 'yata, ni a ganina abu biyu suka lalata makaranta. Tun da hukumar ilimi ta hana bulala a 2017 yara suka daina tsoro, kuma ba a barin yaro ya maimaita aji. Ki duba wurin malam inda kika ce yana ƙoƙari. Ana fara wa yaro da babbaƙu, sai farfaru, kuma ba ya wanke allo sai ya biya malam ya ji da kunnensa. Wa ya taɓa ƙara wa almajiri karatu don shekara ta zagayo? Ki ce su mayar da shi aji huɗu.

Madam Rabi, Akwatia Line

Baba, a gafarce ni, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Sauraron yaro shi kaɗai, da ƙin ƙara masa sai ya riƙe na baya, shi ne ainihin abin da Tica Awudu ya kwatanta. Amma bulala ba ta koya wa kowa sautin harafi. Yaron da ake duka kan karatu ɓoyewa yake ƙara yi, ya koma kujerar baya. Maimaita aji huɗu kuma littafin aji huɗu za a sake ɗora masa, alhali abin da ya rasa yana can aji ɗaya.

Ni aji ɗaya nake koyarwa, kuma akwai abin da ba a faɗa ba. Harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, Hausa ba ta ciki. Nan Kumasi Twi ne. Ɗan zango ya taso da Hausa a gida, Twi a titi, Larabci wurin malam, ya shigo aji a buɗe masa littafin Turanci. Ni sai na faɗi labarin da Hausa tukuna, na ga idonsu ya kawo haske, sannan mu shiga Turancin. Ticar da ba ta jin Hausa tana iya sa yaro mai wayo ya riƙa fassara wa na kusa da shi.

Hajiya, ki kuma sa a duba masa ido da kunne. Na taɓa samun yarinya da ake ce wa mai taurin kai, ashe allon ne ba ta gani daga baya. Kuma don Allah iyaye, fashin Juma'a da na bukukuwa yana cutar da mu. Haka zuwa da ciki wayam. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnati ta fara a 2005 bai kai kowace makaranta ba, inda ya kai ma sai rana ta ɗaga. Koko da ƙosai kafin a fito ba ƙaramin taimako ba ne.

Maman Sadiƙu, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na ji, amma zuciyata ba ta kwanta da mayar da shi baya ba, ga shi dogo. Malam Awudu, yaya zan tunkari hedimasta ba tare da ticar ta ɗauka ƙararta na kai ba? Ina tsoron a tsangwami yaron.

Tica Awudu, Asawase

Kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki ambaci sunan tica. Ki nemo iyaye biyu ko uku na ajin, kowa ya gwada ɗansa a gida da littafin aji biyu. Na tabbata ba Sadiƙu kaɗai ba ne. Sai ku bi ta shugaban kwamitin makaranta ku roƙi abu guda: a gwada karatun yaran aji huɗu zuwa shida ɗaya bayan ɗaya, a gaya wa iyaye sakamakon. Tun da sabuwar manhaja ta zo a 2019 ana son ticoci su riƙa zama duk mako suna duba aikinsu, to nan hedimasta zai kai maganar. In an ja ƙafa, akwai jami'in da ke zagaya makarantunku daga ofishin ilimi na Asokore Mampong, kwamiti na da ikon gayyatarsa.

A gida, kwata ɗin awa bayan isha'i ya isa. Ya karanta wa ƙanwarsa littafinta a matsayin yaya mai taimako, ke kina kusa, kada ki yi saurin gyara masa. In littafi ya ƙare, ɗakin karatu na yankin Ashanti yana nan wajen Cultural Centre, ba nisa da Kejetia, suna da na yara.

Lesin kuwa, kafin ki biya ko sidi ɗaya ki tambayi mai lesin ɗin abin da zai fara da shi. In ya ce aikin gida zai taya shi yi, ki riƙe kuɗinki. Wanda zai zauna da shi kan haruffa kike nema, kuma safiyar Asabar ta wadatar, ba sai an taɓa lokacin allo ba.