Neman shawara: in sa hannu a rahoton shekara ko in ƙi?

Ma'aji, Tawa:
Salama 'yan'uwa. Ku taimake ni da shawara, barci ya ƙaurace mini. Ni ne ma'ajin gidauniyar taimako ta ekklesiyarmu. Mu bakwai ne a komite. Shugabanmu dattijo ne da ya riƙe ni tun ina lakkol, shi ya tsaya mini wajen aure, Baba nake ce masa. Kowace shekara muna haɗa baikon godiya na kaka da abin da abokan hulɗa na waje suka aiko, mu biya wa marayu kuɗin lakkol kafin komawar Oktoba, mu ba gwauraye jari, mu tallafa wa marasa lafiya masu zuwa asibitin Galmi. Bara aka ƙara bankin cimaka. Wata ƙungiya a wani ƙauye wajen Illela ta karɓi jika 900 don ta sayi hatsi da kaka, tiya na araha, ta sayar da rangwame in damina ta kama rumbuna sun ƙare. Jagoranta ɗan ƙanen Baba ne. Har yau resi na jika 350 kawai na gani. Ga shi sun kawo takarda suna neman miliyan 1, babban taro sati mai zuwa, Baba kuma ya ce in sa hannu a rahoton shekara, sauran resi na tafe. Yaya zan yi?

Tsohon kontabul, Yamai:
Kada ka sa. Aikin nan na yi har na yi ritaya. Hannunka shi ne shaidarka, ranar da masu bincike suka zo ba Baba za su kira ba, kai za su kira. Amsa mini: da aka tattauna takardar ɗan ƙanensa, Baba ya fita daga ɗakin? An rubuta a takardar zama? Wa ya sa hannu a shek?

Ma'aji, Tawa:
Bai fita ba, amma bai yi magana ba, kansa a sunkuye har aka gama. Shek kuwa hannu biyu ne, nasa da nawa, haka dokarmu ta ce.

Tsohon kontabul, Yamai:
To ka gani. Zamansa ma magana ce, wa zai ɗaga hannu ya ƙi a gaban dattijo? Kuma don me kuka ba da kuɗin gaba ɗaya? Rabi ake bayarwa, sai an kawo resi a cika sauran.

Ma'aji, Tawa:
Yallaɓai, hatsi ba ya jiran mutum. In ka raba kuɗin biyu, kafin kashi na biyu ya fita farashi ya tashi. Na yi abin da ya dace da lokacin.

Uwa daga Konni:
Ɗana, wane resi ake samu a kasuwar ƙauye? Mai hatsi ya auna maka, ka ƙirga masa kuɗi, shi ke nan. Mu a zumuntar mata mun cika takardu har da hotuna muna neman injin niƙa, shekara uku ana ce mana "badi". Tun takunkumin CEDEAO na 2023 da kuɗi ya maƙale a banki ake ba mu uzuri ɗaya, an ɗage takunkumin a 2024, uzurin bai ɗagu ba. Masu dangi a komite su ke ci.

Mai bishara, Madawa:
Ɗan'uwa, Matta 18 ba ta bar mu cikin duhu ba. Ka sami Baba ku biyu tukuna, kada ka kunyata furfura a gaban taro. Ka hau babur ka je ƙauyen, ka buɗe ma'ajiyar, ka ƙirga buhuna, ka duba littafin masu saye. In hatsin ya isa ga mutane, ka sa hannu da zuciya ɗaya.

Tsohon kontabul, Yamai:
Malam, da girmamawa, buhu ba resi ba ne. Ana iya aro buhuna a jera wa baƙo. Abin yi ɗaya ne: ya rubuta a rahoton cewa jika 550 ba su da shaida, a jingine sabuwar takardar, babban taro ya naɗa mutum biyu da ba 'yan komite ba su bincika. Mama, ko a ƙauye ana rubuta takarda mai hatsi ya dangwala yatsa gaban shaidu.

Matashi, Tawa:
Ku yi hankali dai. In na waje suka ga an rubuta haka za su rufe famfo, marayu ne za su zauna gida a Oktoba.

Ma'aji, Tawa:
Abin da nake tsoro ke nan. Kuma ban ce an ci kuɗi ba, ku daina fassara ni. Na san yaron, ba ɓarawo ba ne. Zuwa ƙauyen ma in Baba ya ji, zai ce ban yarda da jininsa ba.

Tsohon kontabul, Yamai:
To shawarar me kake nema? Ka riga ka yanke.

Ma'aji, Tawa:
Ban yanke ba. Ba wanda ya san yadda ake rubuta rahoto a ce saura resi, ba tare da sunan ƙungiyar ya fito ba?

Uwa daga Konni:
In kun zauna, a tuna da injinmu.