Dillali ya ƙi fasassun kwalabena saboda tangaran, gaskiya ce ko dabara?

Mai Gwangwan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata sayen tsohon ƙarfe da alminiyam a nan Maradi. Yaran da ke kawo mani kaya a kura sukan haɗo da kwalabe. Masu lafiya ba sa kwana, mata masu man gyaɗa da masu sayar da mai a bakin hanya ke kwashewa. Fasassun ne suka zame mani jidali, sun yi tsibi a bayan shago, sai dai magini ya zo ya ɗebi kaɗan ya kafa a kan katanga.

To, wani dillali ya shigo daga Najeriya ta Ɗan Isa, ya ce yana saye. Wai narkar da su ake yi a yi audugar gilashi, wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano don tare zafi. Na cika masa buhu. Ya zazzage a kan tamfol, ya sa sanda yana tonawa, ya tsinto hannun kofin shayi na tangaran, da guntun faranti, da ƴan murafu, ya kaɗe hannu ya ce kayan ba su yi ba. Abin da ya ɗaure mani kai, ko kallon launi bai yi ba. Kore da fari da ruwan ƙasa duk a cakuɗe suke, bai ce uffan ba. Shin da gaske guntun kofi zai ɓata buhu guda, ko dai farashi yake son karyawa?

Injiniyan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ban san zuciyar dillalinka ba, amma a wannan ya yi gaskiya. Ana narkar da gilashin a tanderu mai zafin digiri 1,400 zuwa 1,500, sai ya kwararo cikin wani kasko mai juyawa da gudu, jikinsa da dubban ƙananan huji. Ta nan zaren ke fita, kamar yadda ake yin alawar auduga ta yara, kuma ya fi gashin kai siriri nesa ba kusa ba. Tangaran da tsakuwa ba sa narkewa tare da kwalba. Suna biyo ruwan gilashin da ƙarfinsu, su je su toshe hujin, zare ya riƙa tsinkewa, kaskon ya lalace, a tsai da aiki. Shi ya sa a takardun masu saye ba a lissafa tangaran da kilo, da giram ake lissafa shi a cikin tan guda.

Kofin ma da sauƙi, ido na ganinsa. Mugun shi ne gilashin da ke jure wuta, irin kwanonin Pyrex, don idan ya fashe ba ka bambanta shi da farar kwalba. Ka kuma raba kayanka da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya, akwai dalma a ciki, da dogon ƙwan lantarki mai zaiba, da madubi, da gilashin gaban mota mai leda a tsakiya. Murfin ƙarfe mayen ƙarfe zai ɗauke, na alminiyam kuwa sai hannu. Ragowar lemo, takardar jikin kwalba da roba su ma ana ƙirga su, domin suna sa narkakken gilashi ya yi kumfa, kumfar ta hana zafi ratsawa.

Launi kuma, masu yin sabuwar kwalba ne suka matsa a kansa, irin su Beta Glass da ke Agbara da Ughelli, tunda farar kwalba ba ta fita daga kore. Auduga tana bayan silin, ba mai ganinta. Sai dai kada mai ruwan ƙasa ta yi yawa, tana ɗauke da sinadarin farar wuta, idan ta rinjaya ita ma kumfa take kawowa. A Amurka har ƙa'ida aka rubuta kan wannan kaya, lambarta ASTM D5359. Kuma kada ya nuna maka alfarma yake yi: duk kashi 10 cikin 100 na fasasshiyar kwalba da suka zuba a madadin yashi da sauran haɗi, makamashin da tanderu ke ci yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. Suna buƙatar kayan.

Hajiya Mai Ƙuli:
Alhaji, don Allah kada yaranka su ji ana sayen fasasshe su fara fasa mana masu lafiya. Kwalba ɗaya sai ta yi zuwa da dawowa da man gyaɗa har a manta mai ita. Kuma waɗannan yara da silifa suke yawo. In za su tsince tangaran, ka saya masu safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, ka hana ƙanana matsowa.

Direban Jibiya:
Ni ta fannin mota zan yi magana. Gilashi nauyi gare shi, kuɗinsa a kilo kaɗan ne. Kafin ka ce na'am, ka tambaye shi wa zai biya mota da kuɗin kan iyaka, kuma a ina za a duba kaya. In ya ce sai an sauke can, ka tashi daga cinikin. Wata tambaya ga Injiniya: da shi ake yin tankin ruwa na fayba?

Injiniyan Sabon Gari:
A'a, Malam direba. Zaren tanki da jirgin ruwa wani iri ne, ba ya son kanwa ta kai kashi 2 cikin 100, kwalba kuwa tana da kusan kashi 13 zuwa 14. Alhaji, na tuna wani abu. Tsibin nan naka a kan ƙasa yake? Yashi da tsakuwar da shebur ke kwasowa ma datti ne a wurinsu, ga laima da ke ƙara nauyi. A daɓe wurin da siminti, a rufe kafin damina.

Mai Gwangwan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, hankalinki ya kwanta, wanda ya fasa mai lafiya shi zai biya. A kan ƙasa yake, Injiniya, kuma ƙasan tsibin ya riga ya haɗe da yashi. Tsohon zan bar wa magina. Sabon da ke shigowa zan sa a ware tun a bakin kura, kwalba zalla a ganga ɗaya, tun ba ta farfashe ta gauraya da kofuna ba. Saura abu ɗaya: dillalin ya ce in na daka masa zai ƙara kuɗi. In na daka, ta yaya zai gane babu tangaran a ciki, kuma in aka gano can, wa za a kama?