Zuwa bikin Oktoberfest da ƙananan yara: abin da 'yan uwa suka faɗa

Jama'a, maganar da 'yan uwa suka yi ta yi kan zuwa bikin Oktoberfest da yara ta yi tsawo, shi ya sa na tattara ta wuri guda domin mai shirin kai yara filin Theresienwiese a birnin Munich na ƙasar Jamus, inda ake yin wannan babban biki na giya da wasanni duk shekara.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A je ranar Talata. Ita ce ranar iyali, kuɗin lilo da sauran wasanni yana sauka. A yi sammako, a fito kafin yamma ta yi.
2. Asabar kuwa a haƙura. Ba a barin keken tura jariri ya shiga ranar, haka ma ranar hutun 3 ga Oktoba, sauran ranaku kuma daga ƙarfe 6 na yamma an hana. Masu goyo sun ce zani ya fi musu sauƙi a cikin cunkoso.
3. Babbar jaka ba ta shiga, sai wadda ba ta wuce lita 3 ba.
4. A rubuta lambar waya a hannun yaro da biro. Wannan na fi so a riƙe, don rabuwa da yaro a taron nan ƙiftawar ido ce.
5. Ɓangaren Oide Wiesn, inda ake bikin irin na gargajiya, ya fi natsuwa. Babba yana biyan kuɗin shiga, ƙananan yara kyauta.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce kada a je sam, wurin giya ne. Wasu suka ce su iyakarsu wasanni, ba sa leƙa rumfunan sha. A kan gasasshiyar kaza ma an yi ja-in-ja saboda yanka. Da dama sun tsaya kan burodin Brezel da gasasshen kifi. Naman alade yana ko'ina, a tambaya kafin a saya.