Humours ɗin Girkawa, me za mu ce da Hausa?

Jama'a ina neman gudummawarku, musamman malaman ɗibbu da masu nazarin Hausa. Kalmar humours a tsohon likitancin Girka nake so mu tsayar mata da suna, don masu fassara da yawa "barkwanci" suke sa wa, kuma ko kusa ba shi ake nufi ba.

Ga yadda abin yake. Bukarat, wanda Turawa ke ce wa Hippocrates, an haife shi a tsibirin Kos wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi da almajiransa suka ce ciwo daga cikin jiki yake tasowa, har farfaɗiya da mutanensu ke jingina wa gumakansu suka ce a'a, majina ce ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta toshe jijiyoyi. A wurinsu jiki na ɗauke da abu huɗu masu gudana: jini, majina, madaciya rawaya da madaciya baƙa, in sun daidaita mutum garau yake, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ya kwanta, shi ya sa likitansu zai zauna gaban mara lafiya ya duba fitsarinsa da kakinsa da guminsa, yana rubuta yadda zazzaɓi ke hawa da sauka rana bayan rana. Ilimin yau ya bar maganar huɗun nan, amma zaman lurar nan shi ne ya zama likitanci.

Wasu sun ce mu ɗauki ahlaɗ na Larabci, kuma hujjarsu da ƙarfi, don da ita aka fassara littattafan Jalinus, likitan Girkawan da Turawa ke ce wa Galen, a Bagadaza zamanin Hunain ɗan Ishaƙ a ƙarni na 9, da ita Ibn Sina ya yi aiki, ta nan ilimin ya iso malamanmu. To amma ɗan sakandare ba zai gane ba sai an sake masa fassara.

"Ɗabi'o'i huɗu" kuma ban yarda ba, wannan ya fi kusa da mizaji, wato yanayin da gaurayarsu ke haifarwa.

Ni dai na tsaya kan "ruwayen jiki huɗu". Kalmar Girkancin ma ruwan da ake matsowa daga tsiro take nufi. Abin da ya rage min shi ne madaciya, a wajenku jakar ake kira haka ko ruwan cikinta? Mutanen Sakkwato da Damagaram, ya kuke cewa?